Awakin Kira Marigo da Suka Shiga Teku

Ranar Alhamis da hantsi Kira Marigo, wato Uwargida Marigo da yarenmu, ta shigo shagon kofin da ke bakin tashar jirage, cikin baƙaƙen kayanta na takaba, ta tsaya a tsakiyar maza ta ce an sace mata awaki. Ban ko ɗaga kai ba, don ni ne na kai mata labarin jiya da yamma.

"Shida cikin bakwai," ta ce. "Kanela kaɗai aka bar mini, ita ma don haƙori ba zai iya da namanta ba."

Awakin suna zaune ne a Lungun Gishiri, can kudancin tsibiri, inda dutse ya miƙe ta baya, ba hanyar shiga sai ta ruwa. Shekara arba'in mijinta, Barba Sotiris (Barba muke ce wa dattijo), yana kai musu ruwan sha sau biyu a mako. Da ya rasu a hunturun bana sai na ɗauki aikin, tunda dai kullum ina zagaya gaɓar tsibirin a jirgina da baƙi masu son ganin yashi da koguna. Jarka biyu nake juye musu in wuce. Ba wanda ya sa ni, kuma har yau ba wanda ya ce mini sannu.

"Allah ya tona asirin mai abin, Kira Marigo," na ce.

"Ya riga ya tona." Ta juyo ta dube ni. "Wa ke zuwa Lungun Gishiri in ba kai ba, Anestis? Wa ke da jirgin da zai ɗauki awaki shida? Ashe kana kai musu ruwa ne kana auna ƙibarsu. Ɓarawon akuya."

Na ga Stamatis mai gidan abinci yana motsa leɓe, yana ɗanɗana kalmar.

Da 'yan sanda ta kira mini da ban damu ba. A tsibirinmu ba a tsoron kotu kamar yadda ake tsoron laƙabi. Akwai gidan da har gobe ake ce musu Cizon Jaki, saboda kakan kakansu ya taɓa cizon kunnen jaki cikin fushi. Ɗansu lauya ne a Atina, babban birni, yanzu, amma da ya sauko daga jirgi ya koma Cizon Jaki. Gidanmu kuwa, tun daga kakana, ba mu taɓa samun ko ɗaya ba. Mun yi ta takatsantsan, ba mu rawa in mun sha, ba mu gardama da dabba a gaban jama'a. Kuma kowa ya san ƙa'idar: in suna ya kai Lahadi ba a janye shi ba, mutane suka fito coci suka maimaita shi a dandali, ya zauna ke nan har jikokin jikoki. Ina da jikoki mata biyu a firamare. Kwana uku suka rage.

* * *

Matata Fotini ce ta ce in hau dutse in nemo Barba Zafiris. Makiyayi ne, ya haura saba'in, shi ake kira in tunkiya ta ɓata ko an shiga gonar wani. Yana duban ƙasa ya gaya maka wanda ya wuce, da yaushe, da abin da ya ɗauko a kafaɗa. Aibinsa ɗaya ne. An haife shi a tsibirin da ake zagayewa a yini guda, amma ya tsani teku. Sau biyu ya taɓa shiga jirgi, zuwa aikin soja da dawowa.

Na same shi yana tatsa. Na zayyana masa komai yana jina, bai ɗago ba.

"Ni ƙasa nake karantawa, Anestis. A kan ruwa me zan gani?"

"Akwai yashi a lungun, Barba. Kuma tun Litinin ba a yi iska ba."

Ya ci gaba da tatsa. "Kai ka ɗauke su?"

"Haba, Barba."

"Tambaya ce. Da ka ce e, da na huta da shiga jirgi."

Can ya ce ubana ya taɓa ƙetare teku cikin hadari ya ɗauko wa matar shi Zafiris ungozoma, don haka zai zo, amma in sani cewa daga wannan tafiya ba sauran alherin da ke tsakanin gidajenmu.

* * *

Da safiyar Jumma'a, kafin mu shiga jirgi, ya tsaya a ƙofar gidan abincin Stamatis yana kallon allo. An rubuta da alli: naman akuyar tsibiri, yankan yau. Zuciyata ta yi fari, don na daɗe da jin haushin mutumin nan.

Barba Zafiris ya wuce kicin ba sallama, ya buɗe tukunya, ya tsamo ƙashi da yatsu biyu. Ya juya shi, ya shinshina, ya mayar.

"Wannan ba akuya ba ce."

"Barba, ka san sana'ar nan..." in ji Stamatis.

"Tunkiya ce. Kuma ba ta taɓa ganin tsibirin nan da ranta ba. Cikin ƙanƙara ta zo."

Stamatis ya tura ƙofar kicin da ƙafa, ya rage murya. "Don girman Allah maganar ta tsaya a nan. Baƙin nan ba su san bambanci ba, su dai a ce musu ta ƙauye ce. Ka san abin da za a riƙa ce mini in ta fita?"

Na sani. Tunkiyar Ƙanƙara. Sunan ya zo mini har baki, da daɗinsa, na haɗiye shi da ƙyar. Mun rasa wanda na fi so a ce shi ne ɓarawon.

* * *

Jirgina sunan mahaifiyata na sa masa, Argiro. Shuɗi da fari ne, injinsa sabo, yana tafiya a hankali kamar keken ɗinki. Ban taɓa ɗaukar fasinjan da ya ci masa mutunci irin Barba Zafiris ba. Tun ban kwance igiya ba ya kwanta a ƙasan jirgin, ya rungume sandarsa, ya rufe fuska da hula. Ga teku lafiya lau, ko motsi ba ta yi.

Muka zagaye Jan Dutse, muka wuce kogon da ruwansa ke komawa kore, inda nakan tsaya baƙi su yi tsalle su faɗa. Bakina ya saba, sai na ji na fara: "In ka duba ta hannun dama..."

"In ka sake cewa in duba, a kujerar baƙinka zan yi aman."

Da muka doshi Lungun Gishiri na hango Kanela tsaye a kan wani falalen dutse da ke gefen hagu, daf da ruwa. Tana jin ƙararmu ta juya, ta haye sama da ɗingishinta, ta tsaya inda hannu ba ya kaiwa.

Barba Zafiris ya ɗaga hular kaɗan. "Kullum haka suke yi maka?"

"Kullum. Wata biyar ina shayar da su, ko sau ɗaya ba su tsaya na gan su da kyau ba. Halin uwargijiyarsu suka ɗauko."

Na sauke shi a yashi. Ya kwanta rubda ciki na ɗan lokaci yana gaisawa da ƙasa, sannan ya miƙe ya zama wani mutum dabam. Ya ga sawuna daga bakin ruwa zuwa komin siminti da nake zuba ruwa, bai ko tsaya ba. Ya nufi inuwar bishiyar da awakin ke kwanciya, daga can ya sunkuya ya biyo wani layi har zuwa falalen dutsen nan, inda tsohon zoben ƙarfe yake, wanda marigayi Sotiris ke ɗaure jirginsa.

"Zo ka gani. Kofato ya nutse ta gaba, tazarar kuma da nisa. Gudu ne."

"An koro su ke nan."

"Wa ya koro su? Ina sawunsa? Awakin da aka kora warwatsewa suke yi, wannan ta yi nan, waccan ta yi can. Wadda aka ja da igiya turjewa take yi, ta bar layi biyu a ƙasa. Waɗannan a jere suka zo, suna rige-rige." Ya nuna da sanda. "Ga ta bakwai, mai ɗingishi. Ta zo a baya, ta iske an tafi. Ta yi ta kai da kawo a nan har ta fitar da hanya."

"To me ke nan?"

"Ba wanda ya taka ƙasar nan. Da kansu suka shiga jirgin."

Na yi dariya duk da halin da nake ciki. "Akuya ta shiga jirgi da kanta? Kai da kake mutum sai da na roƙe ka."

Bai kula ni ba. Ya ciro burodi da gishiri daga aljihu, ya hau dutse yana wata 'yar ƙara da harshe, jim kaɗan sai ga shi riƙe da ƙahon Kanela. Ya ce da ita za mu tafi, don ita kaɗai ce ta ga fuskar mai abin. Muka ɗaga ta ni da shi tana harbi. Kafin mu fita daga lungun ta cinye rabin matashin kujerar baƙi.

* * *

A Farin Yashi muka tarar da jirgin Dakta Periklis, wani likitan haƙori daga Atina da ke zuwa hutu duk bazara da matarsa. Mutanen gari sun ce a bincike shi, don baƙo ne kuma ba ya gaisuwa. Jirginsa fari ne fat, sai an cire takalmi ake shiga.

Barba Zafiris bai cire ba, bai kuma shiga ba. Ya leƙa daga namu, ya ja numfashi sau ɗaya.

"Ba ruwansa. Awaki shida in suka yi minti goma a nan, sai shekara ta zagayo ana jin su."

"Awaki?" in ji Dakta. Ya dubi Kanela, ita ma ta dube shi da auduga a baki. "Ni na zo hutawa ne, ranka ya daɗe, amma a tsibirin nan ba a barin mutum ya huta. Ranar Talata da sassafe wani ya wuce ta nan da inji mai tari, tak, tak, tak, kamar tsohon da ya shaƙe. Ya tashi matata daga barci."

"Ka ga jirgin?"

"Ban fito ba. Amma a yi masa magana."

Na ce rabin injinan tsibirin nan tari suke yi, wannan ba shaida ba ce. Barba Zafiris ya jingina da gefen jirgi. Dakta ya ga launin fuskarsa ya miƙo masa ƙwayar maganin jiri. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu, ya ce yana da wata tunkiya mai yawan juwa.

Daga nan gaɓar ta zama duwatsu zalla, dogaye, masu ramuka, tsuntsaye na shiga suna fita. Baƙi ba su cika son wajen ba, ni kuwa shi na fi so a duk zagayen. Barba Zafiris yana rataye a gefen jirgi, kansa a ƙasa, yana biyan teku haƙƙinta. A haka ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Waccan ciyawar ta jikin dutse, wa ya aske ta?"

Na duba. Wani ɗan lungu ne mai idon ruwa, wanda ba shi da ko suna. Duk ganyen da ke jikin dutsen an cinye shi daidai tsayin akuya in ta miƙe da ƙafa biyu, daga nan zuwa sama kuma kore shar. Na karkata jirgi na shiga. Ga su nan su shida, ƙalau, sun ma ƙara ƙiba. Suna ganina suka haye dutse.

Na kusa rungumar tsohon. "Shi ke nan, Barba, na fita."

"Ka fita ina? Za ta ce nan ka ɓoye su. Ja mu je."

* * *

A ƙauyen arewa gida biyar ne, ɗaya na Lefteris ne, ƙanen Kira Marigo. Masunci ne mai taurin kai. Shekara talatin ba ya magana da mijin yayarsa saboda wata bishiyar ɓaure da ta fito a kan iyaka, ranar jana'izar ma a wajen coci ya tsaya. Muka same shi durƙushe cikin jirginsa yana dirzar katako da sabulun wanka mai ƙamshin lemo.

"Sannu da aiki, Lefteris," na ce. "Aure za a yi wa jirgin?"

"Nawa ne. In na ga dama in fesa masa turare."

Sai ya hango Kanela a kujerar baƙi. Sabulun ya suɓuce masa ya faɗa ruwa, bai ko bi shi da ido ba.

"Ka fita ranar Talata?" in ji Barba Zafiris.

"Injina ya mutu tun bikin Ista."

"To da me kake zuwa kamun kifi?"

"Da filafili, kamar yadda ubana ya yi. Akwai doka ne?"

Akwatin injin a rufe yake da sabon kwaɗo. Barba Zafiris ya dubi kwaɗon, ya dubi sama, ya ce mini yamma ta yi, mu tafi tun ransa na jikinsa.

Da na isa gida Fotini ta tare ni a ƙofa. Ta ce a makaranta yara sun bi ƙaramar jikarmu suna yi mata kukan akuya har bakin titi, ta dawo ta ƙi cin abinci. Yarinya ce 'yar shekara bakwai. Ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini irin na ranar ba.

* * *

Ranar Asabar muka hau gidan Kira Marigo. Gidan ubansu ne ita da Lefteris, yana saman tasha, tagarsa na kallon teku. Na gaya mata an ga awakinta duka, lafiya.

"Ka tuna inda ka ajiye su ke nan," ta ce.

Barba Zafiris ya dafa mini gwiwa don kada in yi magana. "Marigo, yaya marigayi yake kiransu?"

"Kira? Sotiris? Shekara arba'in da huɗu ko ni bai taɓa kira da suna ba. Yana isa su zo, shi ke nan."

"Ina jirginsa?"

"Ya ruɓe. Na yi girki da shi."

"Injin fa?"

"Yana sito, ƙarƙashin tamfol, inda ya ajiye shi da hannunsa kafin ya kwanta ciwo."

"A buɗe mu gani."

Ta miƙe tsaye. "Ba mai taɓa ƙofar nan sai shekara ta cika. Ko ni ban shiga ba. Ka zo neman awaki ne, Zafiris, ko ka zo gadon matattu?"

Ya ba ta haƙuri, muka fito. A kan matakala ya ce in je in roƙi Fada Yerasimos, limamin cocinmu, ya sanar yau cewa gobe duk mai jirgi a tsibirin ya kawo shi tasha bayan addu'a, har na arewa. Wanda bai zo ba, shi ne. Na tambaye shi me zai yi. Ya ce zai tsaya a kan ƙasa, abin da ya fi masa muhimmanci ke nan.

* * *

Ranar Lahadi garin duka ya sauko tasha da kayan coci. Jirgi goma sha ɗaya suka jeru. An kawo wa Kira Marigo kujera, ta zauna a gaba, hannu harɗe. Barba Zafiris ya tsaya a bakin ruwa riƙe da igiyar Kanela sako-sako, ya ce kowa ya tayar da injinsa, ɗaya bayan ɗaya.

Stamatis ya tayar da nasa, Kanela ta ci gaba da tuƙa. Dakta Periklis ya danna maɓalli, ta yi atishawa. Aka bi layi, ko kunne ba ta kaɗa ba. Da aka zo kaina na murɗa makulli da addu'a a bakina. Tana jin ƙarar Argiro ta fizge, ta ruga bayan Fada Yerasimos ta cusa kai cikin rigarsa.

"Kun gani," in ji Kira Marigo. "Ta gane shi. Tsoronsa take ji."

Jama'a suka fara guna-guni. Can baya wani ya yi kukan akuya a hankali. Na dubi Barba Zafiris, na ce a raina wannan tsohon ya kashe ni da hannunsa.

"Saura ɗaya," ya ce.

Lefteris ne a ƙarshen layi. Da filafili ya zo, tafiyar awa uku, rigarsa sharkaf da gumi.

"Na gaya maka injina ya mutu."

"Nuna mini tafin hannunka."

Ya yi jinkiri, sannan ya buɗe. Duk sun kumbura, wasu wuraren sun fashe.

"Wanda ke tuƙi da filafili tun Ista, hannunsa ba ya fashewa a yini ɗaya. Buɗe akwatin."

"Ba mai a ciki."

Ban taɓa ba mutum mai da zuciya ɗaya irin ta ranar ba. Na ɗauko jarkata, ni da kaina na zuba masa. Lefteris ya buɗe kwaɗon, ya kama hannun injin, ya dubi yayarsa sau ɗaya, ya juya.

Tak. Tak. Tak, tak, tak.

Ba akuyar ce ta fara motsi ba. Kira Marigo ce. Ta miƙe daga kujera, ta juya ta yi taku biyu wajen gida, tana goge hannu a jikin riga. Shekara arba'in, in ta ji wannan ƙarar ta ɓullo daga bayan Jan Dutse, takan tashi ta ɗora tukunya. Sai a taku na uku ta tuna. Ta tsaya cak, bayanta gare mu. Tsofaffin da ke wurin duk sun san injin, ɗaya bayan ɗaya suka cire huluna.

Kanela kuwa ta fito daga rigar Fada, ta ratsa jama'a da ɗingishinta, ta yi wani tsallen da ban zaci tana da shi ba, ta dira a jirgin Lefteris. Ta wuce gaba ta tsaya, fuskarta na kallon teku, tana jiran a tafi.

"Yaya," in ji Lefteris, "ban sace su ba. Injin na ɗauka. Nawa ya mutu da gaske, na san inda makullin sito yake tun muna yara. Aro ne."

Ta juyo. "Aro? Wa ka tambaya?"

"Da yana raye ban yi masa magana ba, yanzu zan fara?" Ya share hanci da bayan hannu. "Ranar Talata na bi kifi har Lungun Gishiri, na matsa jikin dutsen nan don in warware taru. Kafin in ɗago, awaki shida a kaina. Na gaya musu ba shi ba ne. Na rantse, Yaya, na gaya musu. Suka ƙi ji. Jirgi ya kusa nutsewa. Na kai su inda na san akwai ruwan sha na ture su, na gudu. In na ce zan faɗa, sai an tambaye ni da wane inji."

"Sai ka bar ni na ɗora wa ɗan mutane."

Ya sunkuyar da kai. Ya kai hannu zai kashe injin.

"Bar shi," ta ce.

Ya bar shi. Ta tsaya tana saurare, mu ma muka tsaya, injin na ta tarinsa. Da ta gama ji sai ta yanke hukunci. Injin ya zauna a jirgin Lefteris. Duk Talata da Jumma'a shi zai kai wa awaki ruwa, kuma ta ƙarƙashin tagarta zai bi, zuwa da dawowa, kuma kada ya yi sauri.

Mata suna share ido, Fada yana gyaɗa kai, har an fara watsewa. Kowa zuciyarsa ta yi laushi ban da tawa.

"Kira Marigo," na ce, "akwai sauran magana. A gaban mutane kika faɗa. A gaban mutane za ki janye."

Ta goge ido da bakin ɗankwali, ta dube ni sama da ƙasa, muryarta ta dawo yadda aka san ta.

"Ku ji, jama'a. Anestis ba ɓarawo ba ne, na janye. Ina zai iya? Wata biyar yana ba su ruwa, ko gurguwar cikinsu ta ƙi shi."

Na ga leɓen Stamatis yana motsi. Na yi masa wani kallo, amma ya riga ya fito.

"Akuya-ta-ƙi," ya ce, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi.

Dariyar ta fara daga baya ta taho gaba. Fada Yerasimos ya ɓoye bakinsa cikin gemu, kafaɗunsa na rawa. Lahadi ce, an fito coci, garin duka yana wurin. Shi Lefteris da ya ɗauke inji ya kwashe awaki shida, ya tashi ba ko laƙabi, don yayarsa ta bi jama'a da harara ba wanda ya iya buɗe baki. Ni da na kai ruwa don Allah, ni aka raɗa wa suna. Na nemi Barba Zafiris in kai ƙara, na hango shi can ya kama hanyar dutse, bai ko waiwayi teku ba.

Washegari da safe ƙaramar jikata ta zo ta tsaya kusa da ni ina shan kofi.

"Kaka, gaskiya ne yanzu mu ne gidan Akuya-ta-ƙi?"

"Gaskiya ne."

Ta yi tunani. "Ya fi wancan?"

"Ya fi."

Ta ɗauki burodi da cuku ta cinye tas, ta goya jakarta, ta bi yayarta. Na tsaya a taga ina kallonsu suna gangarawa cikin sauran yara har suka sha kwana. Ba wanda ya yi musu kukan akuya.